Ire-iren Masu Cika Waya da Tarkacen Saƙo

Tarkacen saƙo shi ne wanda ya faɗo wayar mutum bai nema ba, kuma ba dominsa aka rubuta ba. Abin ya girmi wayar hannu. A 1978 wani ɗan tallan kamfanin kwamfuta a Amurka ya aika wa mutum kusan 400 talla a lokaci guda, ya sha tsinuwa. Magadansa ne suka cika zaurukan WhatsApp na dangi da na unguwa a yau, kowa da irin halinsa.

Mafi sauƙin sha'ani shi ne ɗan damfara, wanda ake kira 419, lambar sashen dokar da ya haramta zamba a Najeriya. Shi ne mai cewa an toshe BVN, ko ana rabon tallafi a danna nan. Baƙo ne, ba wanda ke jin nauyinsa, ana ganewa ake cire shi.

Sai 'yar talla. Zauren da aka buɗe domin karo-karon gyaran taransifoma, nan za ta zube hoton atamfa talatin, ta bi da humra da turaren wuta. In aka yi magana ta ce ai neman halal ne.

Likitan zaure ya fi su haɗari. A watan Agusta na 2014, lokacin Ebola, irinsa ne suka tashi mutane da tsakar dare wai a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha, har wasu suka kwanta asibiti. Da korona ta zo a 2020 ya dawo da tafarnuwa da lemon tsami, ya ɗora laifin cutar a kan 5G. Bai taɓa shiga ajin likitanci ba, hujjarsa ɗaya ce: "Yadda na gani haka na turo."

Akwai mai ciniki da lada, wanda saƙonsa kan ƙare da cewa a tura wa mutum goma za a ji albishir kafin Juma'a, wanda ya ƙi kuma ya kuka da kansa. Akwai mai saƙon murya na minti tara, rabi gaisuwa, rabi carar zakara da kukan yara. Mai sanar da rasuwa kuwa sauri ne halinsa, wani lokacin ma mamacin ne ke fitowa ya ƙaryata.

An yi ƙoƙarin maganin abin. A 2016 hukumar sadarwa ta NCC ta fito da lambar 2442, a tura mata STOP a huta da tallan kamfanoni. WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a 2019, shekara guda bayan nan ya mayar da saƙon da ya sha yawo zuwa wuri ɗaya tak.

Duk wannan bai taɓa dattijon zaure ba, wato kawu ko suruki da ya sayi babbar waya bayan ya yi ritaya. Shi kaɗai ya haɗa halin likita da na mai lada da na mai murya, kuma da kyakkyawar niyya. Shugaban zaure yawanci ɗan cikinsa ne, kunya ba za ta bari ya cire shi ba. Dabarar da aka fi yi ita ce a buɗe sabon zaure a ɓoye ba da shi ba. Da wuya mako ya zagayo wani mai son zumunci bai saka shi ba.