Masu Hannun Jarin Man U, Reshen Makarfi

Duk wanda ya ce mutanen karkara ba su san harkar manyan kamfanoni ba, bai taɓa zama teburin mai shayi a Makarfi bayan sallar isha'i ba. A nan ne kwamitin amintattun Manchester United yake zama kullum ba fashi, yana kuma da rassa a Ikara da Hunkuyi. Babu takardar gayyata, babu alawus, babu wanda ya zaɓe su, kuma har yau ba a ji labarin wani a Ingila ya san da zamansu ba. Wannan bai hana su aiki ba. Sun kori koci ya fi a ƙirga, sun sayar da 'yan wasa, har kulob ɗin kansa sun taɓa sayar wa wani Balarabe, masu shi ne kawai suka ƙi sa hannu.

Abin ya samo asali ne a watan Nuwamban 2022, lokacin da iyalan Glazer suka ce a shirye suke su saurari masu saye. Waɗannan Amurkawa sun karɓi kulob ɗin tun 2005 a kan kusan fam miliyan 790, akasarin kuɗin kuma rance ne, suka juya suka ɗora bashin a wuyan kulob ɗin. Wato ka sayi saniya bashi, ka ce ita za ta biya da nononta. Ko dillalan kara sun sara wa wannan dabara.

Masu zawarci biyu suka fito. Ɗaya Sir Jim Ratcliffe, Baturen Ingila mai kamfanin sinadarai na INEOS. Ɗayan kuma Sheikh Jassim, ɗan tsohon firaministan Qatar, shugaban wani bankin Musulunci a can, wanda ya ce gaba ɗaya zai saya, ya kuma goge bashin. A reshen Makarfi ba a ma kaɗa ƙuri'a ba. Shehi kawai. Mutanen da ba su taɓa jin muryarsa ba suka riƙa ba da shaidar halinsa: mai kunya ne, ba ya son hayaniya, hannunsa a buɗe yake. Aka gama sayen Mbappe a baki, aka yi wa Old Trafford sabon rufi, wani dillalin rake ya yi alwashin yanka rago ranar da aka sa hannu. Akwai ma wanda ya yi hasashen cewa in Shehi ya hau, ba mamaki tsofaffin magoya baya su samu kujerar Umara, ya kuma fara tuna wa jama'a cewa shi tun zamanin Cantona yake ciki.

A watan Oktoban 2023 Shehi ya janye. Ragon ya tsira. A jajibirin Kirsimeti aka sanar da Ratcliffe, a watan Fabrairun 2024 kuma ciniki ya faɗa: kashi 27.7 cikin 100, tare da ikon tafiyar da duk abin da ya shafi ƙwallo. An kwana biyu ana lissafin wannan kaso a bayan kwalin siga. Ta yaya mai ƙasa da sulusi zai yi iko da gida? Wani malami ya so ya warware ta da hisabin gado, ya taras babu magajin da ake ba 27.7, ya ce wannan sai Nasara.

Duk wannan da sauƙi. Inda Ratcliffe ya ɓata rawarsa da tsalle shi ne wajen abinci.

A ƙasar nan ma'aunin mai kuɗi ɗaya ne: mutum nawa ke ci a ƙofar gidansa. Ba a tambayar nawa gare shi a banki. In azumi ya zo, buhu nawa ya raba? In an yi haihuwa a gidan direbansa, wa ya sayi rago? To sai ga attajirin da ake lissafa shi cikin manyan masu kuɗin Ingila, ya shigo ya sallami ma'aikata 250 a 2024, ya dawo a 2025 ya ce akwai wasu har kusan 200 da za su bi su. Ya tsayar da kuɗin jakadanci da ake ba Sir Alex Ferguson, dattijon da ya ciyo musu Firimiya 13. Ya ɗaga tikitin wasu wasanni zuwa fam 66, babu rangwamen yaro babu na tsoho. Sannan ya zo kan abincin rana da ake ba ma'aikatan Old Trafford kyauta, ya ce a rufe tukunya.

Ranar da wannan labari ya iso, mai shayin da kansa ya ajiye ludayi ya nemi izinin magana, abin da ba ya yi sai in an taɓa addini ko farashin madara.

"Alhaji, ku gafarce ni. Ni da nake da tebur ɗaya, yaron da ke wanke mini kofi ba ya kwana da yunwa. Shayi da burodi, wani lokaci har da ƙwai. Wannan wane irin mai kuɗi ne?"

"Rowa ce, Malam. Gado ake yin ta."

"Ni abin da ya fi ba ni tsoro hakkin tsohon nan. Wallahi muddin ba a mayar wa Ferguson kuɗinsa ba, ba za mu ga daidai ba."

Kowace majalisa tana da ɗan boko ɗaya wanda ya yi difloma a akanta, kuma shi ne lauyan Ratcliffe. Ya gyara zama ya ce a yi wa mutumin adalci: kulob ɗin da kansa ya bayyana cewa ya yi asarar sama da fam miliyan 300 cikin shekara uku, dole a tsuke bakin aljihu. Maganarsa gaskiya ce, ni ma na yarda da ita. Matsalarsa ita ce akwai wani ɗan acaɓa a ƙarshen benci wanda bai gama sakandare ba amma ba ya manta lamba. Ya ce, "Oga, tsaya. Wa ya ƙara wa Ten Hag kwantiragi a Yuli ya kore shi a Oktoba? Wa ya ɗauko Dan Ashworth daga Newcastle ya sallame shi bayan wata biyar? Kuɗin sallamarsu da mutanensu fam miliyan 14 da rabi. Shinkafa da wake na shekara nawa ke nan?" Lauya ya ce a ƙaro masa siga.

Da kakar ta ƙare United tana ta 15 a teburi, Tottenham kuma ta doke ta da ci ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe na Europa a Bilbao, babu wanda ya tsaya nazarin tsarin 'yan baya uku na koci Amorim. An riga an san dalili. Alhakin masu shara da masu gadi ne.

'Yan hamayya ba su bar wannan dama ta wuce ba. 'Yan Chelsea ne ya kamata su yi shiru, tunda daga 2022 da Todd Boehly da abokansa suka karɓa daga hannun Abramovich ake canja musu koci kafin su iya faɗin sunansa daidai, amma su ne suka fi ɗaga murya. 'Yan Madrid da Barca kuwa sai su harɗe su ce su ba a sayar da su, domin kulob ɗinsu na mambobi ne. Haka ne. Sai dai na bincika daga Paki har Likoro ban ga mai katin mamba ba, kuma mai cewa "mu ne masu kulob" mai gidan kallo yana bin sa kuɗin wasa uku.

Sai watan Yulin 2025, lokacin da babu wasa, ruwa na sauka, ana ta banka taki a masara, baki ya rasa abin taunawa. Allah ya kawo naɗin Darren Fletcher a matsayin kocin 'yan ƙasa da shekara 18 na United. A Manchester ɗin kanta ƙaramin labari ne. A nan sai da aka yi mako ana zama a kansa, kuma ba a taɓa tambayar ko ya iya koyar da ƙwallo ba. Tambayar farko ita ce wadda muke yi in an naɗa sakataren ilimi ko mai ba ciyaman shawara: yaron wa ne?

Nan da nan aka gano bakin zaren. Fletcher ɗan Sikotilan ne, Ferguson ma haka, ashe toshiyar baki aka yi wa tsoho bayan an yanke masa kuɗi. Wani ya ce a'a, ku duba da kyau, tagwayensa Jack da Tyler suna makarantar horon kulob ɗin, mutum ya nemi kujera ne kusa da 'ya'yansa, wa zai ƙi? Na uku ya ce duk ba ku gane ba, wannan da darakta ne tun 2021, yanzu an tura shi wajen 'yan dagaji, rage masa girma aka yi, ya taka wani babba. Aka rabu gida uku, har wasu suka daina gaisawa. A cikinsu babu wanda ya taɓa kallon wasan 'yan 18 ɗin ko na minti goma, don mai gidan kallo ba zai ƙona fetur a kan yara ba. Da aka sallami Amorim a Janairun 2026 aka ce Fletcher ya riƙe, kafin a kawo Michael Carrick, duk gidajen uku suka miƙe a tare suna cewa, "Ban faɗa muku ba?"

Wata rana don neman magana na jefa musu tambaya: wa ke da Ranchers Bees? Aka yi tsit. Wani matashi ya ce ko a gasar 'yan rukuni na biyu ta Ingila take. Kaduna fa, nan bayan Zariya. Ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofuna a 1988 ta sha kashi a hannun Bizerte ta Tunisiya, ta ɗauki kofin WAFU a 1989, wadda Daniel Amokachi ya taka wa leda kafin ya tafi Beljiyam. Ita ma ta yi sababbin masu gida, kuma ba daga Qatar ba: Sadiq Umar, ɗan Kaduna da ya buga wa Almeria da Real Sociedad, tare da ɗan majalisar wakilai Bello El-Rufai. Ga sabon mai kulob da za ka iya haɗuwa da shi a wajen ɗaurin aure ka faɗa masa ra'ayinka baki da baki. Amma majalisa ba ta da lokacinsa. Da na ƙara da cewa Kaduna United ta ci kofin ƙalubale a 2010, sai wani ya ce in daina kawo musu tarihi ana maganar ƙwallo.

Kada a ce ba mu da tamu harkar saye da sayarwar kulob a gida. Muna da ita, ta ma fi ta Turawa sauri, don babu lauya babu banki. Duk wanda ya kawo jesi saiti ɗaya ya zama mai ƙungiya. Lokacin cinikin kuwa sananne ne, daf da zaɓe. Da la'asar sunan ƙungiya na unguwa ne, kafin magariba ya koma sunan Honorabul. Hotonsa a gaban riga, hotonsa a baya, har alƙalin wasa in zai ba da kati sai ya tambayi yaro lambarsa. In an ci zaɓe waya ta daina shiga. In an faɗi, a aiko a karɓi jesin.

Kocin yara kuma, wanda ake tararwa, yawanci tela ne ko malamin firamare ko mai facin taya. Shi ke kai ƙwallo ɗinki da kuɗinsa, shi ke sayen fiya wata, shi ke bi gida gida yana roƙon iyaye su bar yaro ya zo atisaye bayan ya dawo daga gona. Filinsa na makaranta ne, da damina kuma sai ya taras wani ya shigar da kunya biyu ta wajen kwana. Shekara da shekaru yana wannan babu ko sisi. Ranar da sabon mai ƙungiya ya zo, aikinsa na farko shi ne ya gode masa, ya miƙa usur ga ƙanin matarsa. Masu raka ƙanin matar zuwa karɓar usur kuwa, in ka duba fuskokinsu, su ne waɗanda suka yi mako suna tsine wa son kai a naɗin Fletcher.

Ga kuma batun shekaru, wanda ba a so a taɓa. Fletcher ya huta, yaransa da takardar haihuwa suke zuwa. Namu kocin, in an sa gasar 'yan ƙasa da 17, da reza yake fara shiri. Za ka ga kyaftin an yi masa gyaran fuska tas, ana tashi hutun rabin lokaci a ce ya zo uwargida na kira, yaro ba lafiya. Kuma ba laifin ƙauye ba ne kaɗai. Tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 ta 2009, wadda Kaduna da Kano suka karɓi wasu wasanninta, ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gane shekaru, amma a 2016 sai da 'yan wasa 26 na ƙungiyar ƙasa suka faɗi wannan gwaji ana shirin karawa da Nijar, Nijar ɗin kuma ta fitar da mu. Da za a kawo na'urar nan gasar cin kofin ciyaman, da mai tsaron gida kaɗai zai rage, shi ma don an ce ya manta hannunsa a gida.

Zaɓen 2027 na tafe, na kuma san an fara buga jesi a Kano. Ranku ya daɗe masu neman kujera daga Ikara zuwa Kudan, ba mu hana ku sayen ƙungiya ba. Roƙonmu uku ne. In za ku kawo riga ku haɗo da ƙwallo ko biyu, don da riga kaɗai ba a cin raga. Kocin da kuka tarar ku bar shi da usur ɗinsa, ƙanin Hajiya a nema masa wani abin. Hoton kuma a rage masa girma, alƙali ya samu ya ga lamba.