Taliyar Japan da Kanwar Ungurnu

A fagen girki abu ɗaya nake bugun ƙirji da shi, shi ne dafa indomi. Tuwo ban iya tuƙawa ba, miyar kuka kuwa in na kaɗa sai ta yi gudaji, amma in aka ajiye ledar Indomie, ga albasa, ga attaruhu, ga ƙwai, to a matsa a ba ni wuri. Tun a ɗakin kwanan ɗalibai na soma, zamanin da muke dafa ta a bokitin roba da hita, mutum ɗaya yana gadin ƙofa saboda masu kame. Daga baya na ƙaro ilimi a teburin mai shayin bakin layinmu, wanda ya koya mini cewa ruwa kaɗan ake sawa, kuma ba a juye magin cikinta sai ruwan ya kusa tsotsewa. Har gobe, duk ranar da uwargida ba ta jin daɗi, yarana murna suke yi a ɓoye, don sun san Abba zai shiga kicin.

Wannan martabar ce ɗan yayata ya zo ya zubar mini a ƙasa. Yaron ya yi karatu a Japan, ya dawo yana gaida mutane da sunkuyo, har 'yan unguwa suka sa masa Ɗan Japan. Na karrama shi da indomi ta musamman, har da kifin gwangwani. Ya cinye tas, ya yi hamdala, sannan ya ce, "Kawu, ka san fa wannan kwaikwayo ce? Ta ainihin ramen ake ce mata, kuma sabuwa ake dafa ta a shago, ba busasshiya ba."

Kwaikwayo. A gidana, a gaban 'ya'yana.

Bai lura da fuskata ba, ya ci gaba da karatu. Wajen 1958, in ji shi, wani ɗan kasuwa mai suna Momofuku Ando da ya yi karayar arziki ya kafa 'yar rumfa a bayan gidansa a Ikeda, kusa da Osaka, yana neman yadda za a busar da taliyar shago ta daɗe ba ta lalace ba. Ganin matarsa tana suya ne ya ba shi dabara: a turara taliyar, sannan a tsoma ta a mai mai zafi. Man ya kori ruwan jikinta ya bar mata ƙananan ƙofofi, su ne ke shan ruwan zafi ta farfaɗo cikin minti uku. Indomie kuwa 'yar Indonesiya ce, ta fito a 1972, ta iso Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980, daga baya aka kafa mata masana'anta a Ota ta jihar Ogun. Ni dai abin da na tsinta a duk bayanin shi ne, Ando ya rasu a 2007 yana da shekara 96, kuma kusan kullum sai ya ci taliyarsa. Na adana wannan hujja domin uwargida, mai cewa indomi ba abinci ba ce.

Da wata hidima ta kai mu Abuja, sai ya ja ni wani gidan abincin 'yan Asiya don in gani da idona. Tun daga ƙofa na sa aka yi mini rantsuwa a kan naman, domin shi da bakinsa ya gaya mini cewa romon da ya fi suna a can, tonkotsu na mutanen Fukuoka, da ƙashin alade ake yin sa. Aka tabbatar mini nasu na kaza ne. Kwano ya iso yana tururi. Romon fari ne, mai kauri, in ka kurɓa sai ka ji leɓɓanka suna mannewa. Taliyar rawaya ce, siririya, kuma tana da taurin kai: indomi da ta ji haƙori take sallamawa, wannan kuwa sai ta ɗan yi gardama kafin ta tsinke. A gefe ga rabin ƙwai, kwaiduwarsa tana malala, ga kuma wani baƙin falle da na ɗauka leda ce ta faɗo daga kicin. Na cire shi a hankali na ɓoye ƙarƙashin faranti don kada in kunyata masu wurin. Ashe ganyen teku ne, kuma yana cikin kuɗin.

Aka ba ni tsinke biyu a matsayin cokali. Ɗan Japan ya ce zuƙa ake yi da ƙara, iskar tana huce taliyar, kuma a can ba rashin tarbiyya ba ne. Ni da aka rene ni da ranƙwashi a kan tauna da ƙara, yau ga izini daga ƙasar waje. Na zuƙa da iyakar ƙarfina. Jelar taliyar ta yi wutsil-wutsil ta watsa wa farar shaddata romo tun daga wuya har aljihu. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Ta yi daɗi, wannan ba na musu. Amma da aka kawo takardar kuɗi na ga kwano ɗaya ya haura katan ɗin indomi, sai idona ya buɗe. Na ce, "Yaro, wannan ai taliya 'yar murji ce aka zuba wa farfesun kaza. Ranar Asabar ka zo gida ka ci ta Kawunka."

Ya yi ƙoƙarin hana ni, da ya ga ba zan hanu ba sai ya rubuto mini ƙa'ida, da yake injiniya ne, komai da awo. Fulawa, gishiri, ruwa wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyin fulawar, sai wani sinadari da suke kira kansui, haɗin sodium carbonate da potassium carbonate, giram ɗaya kacal a kowane giram 100 na fulawa. Shi ne ke sa taliyar ta yi rawaya ba tare da ƙwai ba, shi ne kuma ke ba ta wannan taurin kan. In ba a samu ba, a gasa bekin soda a obin na awa guda. Na ce masa, wannan sodium ɗin ba shi ne a cikin kanwa ba? Ya ce, "E, Kawu, danginsa ne, amma..." Ban tsaya jin amma ba. Mu da kakanninmu suka yi fataucin kanwa a kan jakuna daga ƙasar Manga da bakin Tafkin Chadi har Gwanja, mu za a koya wa kanwa? Na shiga kasuwa na zaɓo ungurnu mai kyau, dunƙule guda, na jiƙa. Sikeli kuwa ba mu da shi, kuma ban ga amfaninsa ba tunda Allah ya ba ni ido.

Uwargida ta leƙa kwanon ta ce, "Malam, wannan kanwar ko ɗanwaken gidan biki za a yi ai ta yi yawa." Na ce mata wannan girkin ƙasa da ƙasa ne, ta tsaya a kan na cikin gida.

Romo aka fara tun daren Juma'a. Na sayo ƙafafun kaji da ƙasusuwa wajen masu fige kaji, domin ƙa'idar ta ce a yi ta tafasa su da wuta mai ƙarfi awa shida ko fiye, har kitse da bargo su narke ruwan ya yi fari. Abin da ƙa'idar ba ta faɗa ba shi ne halin da tukunyar gas ɗinmu take ciki. Wajen tsakar dare wutar ta yi shuɗi, ta yi ja, ta yi sallama. Gas ɗin da aka yi lissafin zai kai mu ƙarshen wata ke nan. Na koma kurfoti a tsakar gida, ina fifita gawayi da hannu ɗaya, ina kashe sauro da ɗayan, maƙwabta suna jin ƙamshin kaza suna zaton an yi mana haihuwa.

Da safe na kwaɓa fulawa. Ruwan da aka ƙayyade bai ko jiƙa ta ba, ta tsaya tsaki-tsaki, in ka dunƙula nan sai can ya warware. Na buga wa Ɗan Japan waya, ya ce haka take, in zuba a leda mai kauri in tattaka da ƙafa, haka masu yi a gida suke yi. Na wanke ƙafa har da sabulu, na shimfiɗa tabarma, na hau. Ina cikin rawa a kan kwaɓin, na naɗe wando zuwa gwiwa, sai ga Inna ta fito alwalar walaha.

"Innalillahi! Abinci kake takawa?"

"Inna, haka ake yi a Japan."

"To su Japan ɗin ba su da iyaye ne?"

Ta koma ɗaki tana salati, tana cewa dama tun da aka fara cin abincin leda ta san za a zo nan.

Injin murza taliya na aro wajen maƙwabciyarmu, wadda ke sayar da taliya da manja da yaji a ƙofar makarantar firamare. Injin nan ya shekara yana murza kwaɓi mai laushi cikin rufin asiri, bai taɓa haɗuwa da irin nawa ba. Na tura, ya ƙi. Na sa babban ɗana ya danne teburin, na kama mariƙin da hannu biyu na yi bismilla. Falle ɗaya ya fito, na biyu ya fito rabi, sai na ji ƙaras. Daga nan mariƙin ya riƙa juyawa cikin sauƙi, abin sha'awa, sai dai ba abin da yake juyawa tare da shi. Sauran kwaɓin da kwalba na murza shi, na yanka da wuƙa. Wani silin ya yi kaurin ɗan yatsa, wani kuma sai ka sa tabarau.

Launin ma bai tsaya a rawaya ba. Ya wuce ta, ya ratsa ruwan ƙasa, ya doshi kore. Da na zuba a tafasasshen ruwa kumfa ta taso ta kashe rabin gawayin.

Sauran kayan ban sha wahalarsu ba, don kowanne na samo masa ɗan'uwa. Mutanen Sapporo suna sa miso, wato waken suya da aka ruɓar, ni kuma na daka daddawa. A madadin yankan naman da suke ɗorawa na aiko da balangu. Ganyen teku na ba zogale aikinsa. Ƙwai na dafa minti shida da rabi daidai, ina kallon agogo. Tsinke kuwa mai tsire ya ba ni kyauta.

Bayan azahar aka hallara: Ɗan Japan, abokaina biyu na majalisa da na gayyato su zama shaidu, Inna, da yara. Na nuna musu yadda ake zuƙa, na fara. Abin da ya sauka a harshena kamar mutum ya gatsa sabulun salo ne, ɗaci a gaba, santsi a baya, ga wani ɗan yashi yana ƙaras-ƙaras a turame. Na haɗiye na ce, "Haka take, sai an saba."

Ɗaya abokin nawa, mutum mai kara, ya daɗe yana tauna, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Masha Allah. Wannan ai magani ce. Mai kumburin ciki ya samu lafiya." Ɗayan ya tuna yana azumin nafila, alhali da idona na ga ya sha ruwa da shigowarsa. Inna ta tsaga ƙwan, ta ga kwaiduwa ta biyo cokali, ta tura kwanon gefe ta ce a mayar da shi wuta, ita ba muzuru ba ce. Autana ya ja mini riga ya ce, "Abba, yaushe za a kawo abincin?" Ɗan Japan ya kurɓi romon kaɗai, ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa tabarma, ya ce, "Kawu, romon ya yi." Ni na san inda matsalar take. Mai kanwar nan tun da na ga yana murmushi na san ba ta bana ya ba ni ba, ga fulawar yanzu ba irin ta da ba ce, ga iskar hunturu.

Uwargida ba ta ce uffan ba. Ta kwashe kwanukan, ta ɗora sauran romon a wuta, ta aiki yaro kanti. Ta jefa indomi a cikin farin romon nan, ta sa rabin magin, ta yanka albasa mai lawashi, ta jera balangu a kai, ta mayar da ƙwan Inna ya dahu har ya yi tauri. Minti biyar aka sake zama. Tsakar gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai zuƙa. Mai azumin nafila ya ce ai nafila ce, ana iya ramawa.

Ɗan Japan ya share kwano na biyu, ya jingina da bango, ya ce wallahi wannan ta tuna masa da Tokyo. Na ce, wace Tokyo, ta leda? Ya ce ai ita ya fi ci a can. Yawancin shagunan ramen da alade suke yi, miyar ɗanɗanon ma sau da yawa akwai mirin, giyar shinkafa, a ciki, har taliyarsu ta leda sai ka karanta bayanta da kyau. Shagunan halal ba su da yawa, kuɗin ɗalibi kuma ba ya kai mutum kullum. Saboda haka jirgin ƙasa yake hawa zuwa unguwar Shin-Okubo, inda kantunan Musulmi suke, ya sayo Indomie katan guda ya kai ɗaki. Su kansu Japanawan, in ji shi, ba kasafai suke wannan wahalar a gida ba, shago suke zuwa, ko su sayo taliyar da romon a haɗe.

Ina neman kalmar da ta dace da ɗan yaya a gaban kakarsa, sai aka yi sallama a zaure. 'Yar maƙwabciya ce. "Wai in ji Umma, a ba ta injinta, jibi Litinin akwai makaranta."

Na shiga kicin na tattaro injin, da mariƙin, da wasu ƙananan haƙoran ƙarfe biyu da na tsinta a cikin fulawa, na zube su a cinyar Ɗan Japan.

"Kawu, ni fa injiniyan lantarki ne."

"Kafin Litinin," na ce masa.