Sa Masa Ƙafa

Kawu ne ya dage sai ya bi ni ya ga wannan kokawar 'yan Brazil da nake zuba wa kuɗi duk wata. Tsohon ɗan kokawa ne, ya yi tashe a ƙasar Kabi, ganin likitan ido ya kawo shi Abuja. Na sama masa kujerar roba a gefen tabarma, koci ya haɗa ni da wani siririn yaro mai shuɗiyar ɗamara, ko gemu bai fara ba.

Tun a mota na yi wa Kawu lacca. Na ce masa a jiyu-jitsu babu abin da ya kai kama bayan mutum daraja. Ka manna ƙirjinka a gadon bayansa, hannu ɗaya ta kan kafaɗa, ɗaya ta ƙarƙashin hammata, ka saƙala diddigenka biyu a cikin cinyoyinsa. Ka riƙe haka daƙiƙa 3, dokar hukumar IBJJF ta ba ka maki 4. Sai damtse ya zagaye wuya, gwiwar hannu ta daidaita da haɓa, ka matse jijiyoyin jini biyu na gefen wuya, ka bar maƙogwaro ya huta. Ko ya bubbuga maka hannu alamar ya sallama, ko ya suma. Na ce da wannan shaƙar Royce Gracie ya gama da Gerard Gordeau a wasan ƙarshe na gasar UFC ta farko a 1993. Kawu ya ce, "To."

Da aka fara kuwa sai ga ni a bayan yaron. Koci ya ce da gangan yaron ya ba ni bayansa, ni ban yarda ba. Ina manne, hannuna na lalubar wuya, sai muryar Kawu ta cika ɗakin:

"Kai ɗan nan, ai ya faɗi! Tashi, ka ci! Me kuma kake nema a bayansa, bashi kake bin sa?"

A wajensa an gama wasa tun lokacin da gwiwar yaron ta taɓa ƙasa. Ban kula shi ba. Don riƙon ya ƙara kyau, sai na harɗe ƙafafuna a gaban cikin yaron, dama a kan hagu. An ce koci yana hana wannan tun ranar farko, alƙalin gasa ma ba ya ba da maki a kai. Wataƙila ranar ina banɗaki.

Yaron bai yi gaggawa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ya sunkuyar da kai ya dubi ƙafafuna. Ya ɗaga ƙafarsa ɗaya a natse ya ɗora a kan harɗen, ya kulle ta da ɗayar, sannan ya banƙare ƙugu. Ƙashin ƙafata ta ƙasa ya zama turke, idon sahun ta sama yana lanƙwasuwa a kansa. Da ƙafata aka karya mini ƙafata, ko saura ƙiris.

Na nemi hannun bubbugawa, babu. Na hagu ya matse shi a hammata, na dama ya riƙe da hannu bibbiyu. Ƙafafu kuwa suna hannun hukuma. A daidai nan Kawu ya miƙe tsaye, ya karkata hula:

"Sa masa ƙafa! Sa masa ƙafa mana!"

Na sa masa, Kawu. Har biyu na sa masa, su ne ya ƙi mayar mini.

"To kama ɗamararsa ka ɗaga shi sama!"

Ina kwance a ƙarƙashinsa, sai dai in ɗaga shi da addu'a. Baki kaɗai ya rage mini, kuma doka ta yarda a sallama da baki, ihu ma sallamawa ce. Akwai gajeriyar kalmar da aka koya mana, da ita na yi niyyar fita cikin mutunci. Abin da ya fito, a gaban mutanen da ke gaishe ni da "Oga", shi ne, "Wayyo Inna!"

Yaron ya sake ni nan take, ya juyo ya ce, "Sannu, Yaya." Yaya fa.

Kawu ya tako kan tabarma da takalminsa, koci na ɗaga masa hannu yana wucewa. Ya kama damtsen yaron ya shafa sama da ƙasa yana neman laya, bai samu ba, ya tambaye shi ɗan wane gida ne. Sannan ya yi wa koci bayani cewa wurin nan ba zai ci gaba ba sai an kawo makaɗi, kuma shi tun da yake bai taɓa ganin wanda aka goya ya yi ƙarar wanda ya goya shi ba sai yau.

Kafin in ɗingisa zuwa mota ya riga ya buga waya gida. Ya miƙo mini ya ce, "Ga Innar taka, na gaya mata kana nemanta."