Yadda Ake Horar da Karen Kiwo Kafin Shi Ya Horar da Kai

Dattijon da nake haya a gidansa, a wani ƙauye kusa da Hawik a kudancin Sikotilan, ya tafi a yi masa aikin gwiwa, ya bar mini makulli da karensa. Sati uku, in ji shi. Yau kwana arba'in. Na san ba ni kaɗai ƙaddara ta haɗa da karen kiwo jinsin boda koli ba, don haka ga abin da na tsinta.

Na ɗaya, kada ka yi murna da basirarsa. A 1994 wani masani, Stanley Coren, ya jera karnuka bisa kaifin ƙwaƙwalwa, ya ɗora wannan jinsi a kan gaba, wai kafin a maimaita sabon umarni sau biyar ya gane. Gaskiya ya faɗa, sai dai da irin wannan saurin ne gogan naka ya koyi buɗe ƙofar kicin. Cikin minti goma na koya masa zama, ina ba shi guntun cuku. Yanzu ba mai sa shi, sai ya zo gabana ya zauna, ni kuma in miƙe in nufi firij. Ka faɗa mini wa aka horar.

Na biyu, ka samo masa tumaki. Dattijon ya sayar da nasa tun bara, ya manta bai sanar da karen ya yi ritaya ba. Kada kuma ka ce za ka sake shi a na maƙwabta: tun 2021 dokar Sikotilan ta kai tarar kare mai firgita dabbobi har fam 40,000. Karen kiwon da ba shi da garke kuwa, shi zai haɗa wa kansa. Kaji, yaran makaranta, mai kawo wasiƙa, injin shara, duk tumaki ne. Ran Asabar abokaina uku suka zo daga Edinbara cin shinkafa da miya, ya tattara su a kusurwar falo. Ɗaya babban likita ne, ya tashi zai zaga bayi, aka dawo da shi cikin 'yan uwansa.

Kuma ba ya haushi, nan ne ciwon. Da haushi yake yi, da na rama da tsawa. Kallo ne. Ya sunkuyar da kai, ya kwantar da ƙirji, ya kafe ka da ido kamar mai bin ka bashi. An ce gadon kakansu ne, wani kare Old Hemp da aka haifa a 1893 a Nozambalan, wanda Adam Telfer ya kiwata, mai juya tumaki shiru da ido kawai. Tumaki dai da magariba ake rabuwa da su. Ni ina karatu ana kallona, ina waya da Hajiya ana kallona, na daina cin tsire a fili. Da na ga yana shinshina takalmina na tuna karin maganar, amma kafin in ƙarasa ta ya ɗauka.

Na uku, fito. Makiyayan nan da fito suke magana da karnukansu, na zagaya ta hagu daban, na dama daban, na kwanta daban, kuma tun a 1873 aka yi gasar abin a garin Bala na Wels. Ni kuwa a gidan da na tashi, in ka yi fito kakata sai ta tambaye ka wane shaiɗan kake kira. Na sayi ƙaramin usur ɗin da suke sawa a baki, na busa, yawu ya fito, sauti bai fito ba. Mu bar wannan.

Batun alwala, ka ware riga guda ta kare, ka rataye sallaya a sama. Malikiyya sun sassauta a kan yawunsa, kakata ce dai ba ta sassauta ba, kuma muryarta nake ji.

Na nawa muke? Ko ma na nawa ne, ka gajiyar da shi. Haka kowa ke cewa, da fara'a, daga cikin mota mai ɗumi. Ka zo ka gajiyar da shi mana! A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, ruwan sama yana zuwa ta gefe, ni ina tsaye cikin taɓo ina jifan ƙwallo har kafaɗata ta riƙe. Mu dawo gida, in faɗi a kujera, in ji an ajiye mini jiƙaƙƙiyar ƙwallo a cinya. Wallahi ba wannan ya kawo ni ƙasar nan ba. Wata 'yar uwarsa a Amurka mai suna Chaser ta haddace sunayen kayan wasa 1,022. Nawa Hausa yake koya, ya san "kai", ya san "bari", ya san "wayyo Allah", kuma duka ukun a wurinsa suna nufin a sake jefawa.

Jiya dattijon ya bugo waya cike da farin ciki, likita ya ce gara a haɗa da ɗaya gwiwar. Don Allah, duk mai tumaki a kusa da Hawik, ko biyar ne, ya ara mini zuwa bazara. Ni zan sayi ciyawar.