Rigar Ƙanƙara a Zangon Adakpame

Duk wanda ya san unguwarmu ta Adakpame, wadda Allah Ya shimfiɗa a gabashin birnin Lome kamar tabarmar salla, har ya zamana idan damina ta sauka ruwa yakan yi kwana da kwanaki yana neman gangaren da zai bi bai samu ba, sai ya haƙura ya zauna tare da mu a tsakar gida tamkar baƙon da kuɗin motarsa ya ƙare, to, ba zai taɓa zaton daga wannan wuri ne za a sami jama'ar da za su ƙulla niyyar hawan duwatsu ba. Amma da yake zamani riga ne, wayar hannu kuwa ta zama shehin malamin da ba a yi wa musu, sai ga shi a hunturun da ya wuce ɗan ƙanwata da 'yan majalisarsu ta shayi sun ga hoton Turawa suna hawan Ebarest, dutsen nan na Himalaya mai tsawon mita 8,849, nan take zukatansu suka kamu. Da suka auna nisan ƙasar Nepal da gajartar sefar da ke aljihunsu, sai ijma'insu ya tsaya a kan Dutsen Agu da ke kusa da Kpalime, wanda Jamusawa suka kira dutsen Baumann a zamanin mulkinsu, mai tsawon mita 986, wanda kuma babu abin da ya fi shi tsawo a duk faɗin Togo.

Da a ce sun fara da gwada ƙafafunsu, ko da daga nan zuwa tashar jiragen ruwa ne su dawo, da ban ɗauki alƙalami ba. Sai dai mako uku cur aka yi ana muƙabala a kan tufafi, ana kawo hujja ana warware ta, ba tare da an sami ko mutum ɗaya da ya yi tattakin da ya wuce daga benci zuwa wurin mai gawayi ba. Ranar da yaron ya zo neman gudummawa, na tambaye shi hikimar wannan shiri, sai ya ce, "Kawu, ai dutse ba a hawansa da kaftani." Na ce masa, "Ɗana, zauna in gaya maka. Mutanen da ka gani sun naɗe jiki kamar gammo, lalura ce ta naɗe su: a ƙololuwar Ebarest sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifiri, iskar da ake shaƙa ba ta wuce sulusin wadda kake zuƙa a nan bakin teku ba, shi ya sa suke goyon tukunyar iska, kuma sukan yi makonni suna hawa suna sauka kafin jiki ya saba. Tufarsu hawa uku ce, ta ciki mai kore gumi, ta tsakiya mai riƙe ɗumi, ta waje mai tare iska da ruwa. Suna gudun auduga domin tana shan zufa ta daskare a jiki. Tabaraun nan kuma garkuwa ne, saboda hasken rana a kan dusar ƙanƙara yana makantarwa. Ƙa'idar masana ita ce kowace mita dubu da aka hau zafi kan ragu da kimanin digiri shida da rabi. Ke nan idan a Lome ana gasuwa, a kan Agu sai a ce an sauke tukunya daga wuta, amma ba ta huce ba." Yaron ya saurara da ladabi har na kai aya, sa'an nan ya ce, "Gaskiya ne, Kawu, amma ja ko shuɗiya ce ta fi fitowa a hoto?"

Washegari rundunar ta ɗunguma zuwa kasuwar Hejranawe, inda ake kwance dilolin gwanjon da jiragen ruwa ke saukewa daga ƙasashen sanyi, inda kuma ɗan kasuwa yakan gane mai sabon buri tun daga nesa kamar yadda ungulu ke gane mayanka. Can aka sayar musu da riguna masu cike da gashin agwagwa, waɗanda aka ɗinka domin mutanen da hancinsu ke daskarewa, da safar hannu mai kaurin katifa, da hular da ba ta barin komai waje sai ido, da takalma masu nauyin dutsen niƙa. Wani ya sami sanda biyu na masu zamiya a kan ƙanƙara, wani ya haɗa da igiyar da za ta isa a ɗaure shanun Zango baki ɗaya, aka kashe abin da zai ciyar da gida wata guda, alhali babu wanda ya tuna da gorar ruwa. Da azahar suka shigo unguwa sanye da kayan domin gwaji, gumi na zuba kamar an ɓalle famfo, yara na biye da su suna ihun "yovo", wato Bature, har wata tsohuwa ta rufe ƙofarta tana salati, tana zaton ma'aikatan feshin annoba ne suka dawo.

Kada mai karatu ya ce yaran nan sun manta da addini, domin sun je wurin liman da mas'aloli biyu. Ta farko, shin ya halatta a yi shafa a kan takalman nan kamar yadda ake yi a kan huffi? Ta biyu, shin za su yi ƙasaru? Liman, wanda Allah Ya hore wa haƙuri, ya juya takalmi guda a hannunsa, ya ce sharaɗin huffi a mazhabar Malikiyya shi ne ya kasance na fata tsarkakakkiya, ɗinkakke, mai rufe idon sawu, wannan kuwa bai san ko fata ce ko tayar mota ba. Game da ƙasaru ya ce Risala ta ƙayyade mil 48, tafiyarsu kuwa ta haura haka. Sai dai malamai sun karhanta ƙasaru a tafiyar da aka yi domin wargi, saboda haka kowa ya tambayi zuciyarsa ko ibra zai je ɗauka ko hoto. Aka tashi majalisar ba wanda ya amsa.

Ranar tafiya na bi su, don kada ƙanwata ta ce na yi sakaci da amana. A gindin dutsen suka yi sahu suka kama ƙaramar hanyar da ta ratsa gonakin koko da kofi da ayaba, ni kuwa na ce su yi gaba, tsufa ba ya son gaggawa. Abin da ya biyo baya na ji shi daga bakin autansu, wanda talauci ya hana shi sayen komai, ya zo da tsohon kambas da 'yar shara, aka yi ta yi masa dariya aka kuma ɗora masa butar shayi. Ya ce ba a yi rabin sa'a ba aka tuɓe huluna, aka bi da safar hannu, riguna suka koma ɗauri a ƙugu, sa'an nan sababbin takalma suka shiga cin dugadugai, domin ba a fafe gora ranar tafiya, takalmin dutse kuwa sai an yi makonni ana taka shi kafin ya san ƙafar ubangidansa. Suna zube a gindin wata bishiya suna haki sai ga wata dattijuwa 'yar ƙabilar Ewe ta biyo hanya da silifas, da ƙaton daro a ka, da jika a goye. Ta dube su, ta dubi tulin rigunan, ta tambaya cikin tausayi ko zazzaɓin cizon sauro ne ya kama su gaba ɗaya, ta kwatanta musu ganyen da za su dafa, ta haye abinta.

Lokacin da suka iso ƙololuwa, la'asar sakaliya, suna jan ƙafa kamar waɗanda suka tsira daga yaƙi, sai suka tarar da ni zaune kusa da dogon ƙarfen sadarwa ina cin ayaba, domin akwai hanyar mota da ke nannaɗe dutsen har sama, kuma ɗan zemijan ya kawo ni a kan babur tun kafin azahar. Na zaci kunya za ta kama su. Ashe ban san zamani ba. Nan take kowa ya mai da rigarsa da hularsa da tabarau, aka ɗaga sanduna sama, aka murtuke fuska irin ta mai fama da guguwa, aka umarci auta ya ɗauki hoton ta yadda bishiyar ayaba ba za ta fito ba. Abin ta'ajibi, Edmund Hillary da Tenzing Norgay, waɗanda suka fara taka kan Ebarest ranar 29 ga Mayu, 1953, ba su wuce kimanin minti 15 a can ba, kuma shi Hillary ba shi da hoto ko ɗaya a ƙololuwar, na abokinsa ya ɗauka. Shi kuwa Tenzing da dako ya fara a 1935, sai a zuwansa na bakwai Allah Ya ba shi nasara. Kakanninmu fatake ma, da suka riƙa tasowa daga Kano da jakuna, su keta Jugu da Sansannen Mango har Salaga neman goro, wata da watanni suna tafe bisa fade da sanda, su ne suka kafa zangunan da muke taƙama da su, ba su kuwa bar mana hoto ba sai suna.

Ban ga laifin yaran nan su kaɗai ba, gama a wurinmu suka gada. Mu ne muke naɗa rawani kafin mu sauke Iziyya, mu buga katin kamfani kafin mu sami rumfa, mu ɗinka anko da bashi alhali ba mu san sunan amarya ba. Ni kaina mai wannan wa'azi, tun bara da likita ya umarce ni da tattaki na sayi takalmin gudu mai tsada, yana nan cikin kwalinsa a ƙarƙashin gado yana yi mini addu'ar tsawon rai. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Saboda haka nasihata ga duk mai nufin Agu ita ce ya nemi takalmin da ƙafarsa ta sani, da riga marar nauyi, da malafa, da ruwa isasshe, ya kuma yi sammako. Rigar agwagwa kuwa ya ajiye ta, ko Allah zai sa wata rana ƙanƙara ta sauka a Adakpame.