Ku Masu Hawa, Wa Ya Haifi Dokin?

Tun da labari ya bazu cewa na yi wata biyu a wani ƙauye kusa da Maigatari ina koyon barbarar dawaki da karɓar haihuwar goɗiya, ban huta da tsiya ba. Wani ya tambaye ni ko ungozomancin mutane ne ya ƙi ni. Wani Alhaji kuwa cewa ya yi, "Malam, me ake koyo a nan? Ka saki ingarma, ka saki goɗiya, ka kau da kai. Tun kaka da kakanni haka ake yi."

To, Alhaji, ranka ya daɗe, gyara zama. Shekara ashirin kana hawan Daushe, ka san kili, ka san akawal, ka san kuɗin sirdi. Goɗiya wata nawa take da ciki? A'a, tara na Hajiya ne. Wata 11 ne, kwana 340 ko kusa da haka. Ban ga laifinka ba. A birni ingarmu kuke ɗaurewa a barga, goɗiyoyi suna ƙauye, shi ya sa wasunku suke zaton a kasuwa ake haihuwar doki da linzaminsa a baki.

Ni ma da iliminka na tafi. Ranar farko na jawo ingarma na doshi goɗiya ina taƙama. Ta kwantar da kunnuwa, ta saki ƙafa biyu, ingarma ya goce, cinyata ta karɓi saƙon. Dattijon da ke koya mini ya bari na gama birgima, sannan ya ce, "Yaro, ka tambaye ta?"

Ashe tambayarta ake yi. Duk kwana 21 take zagayowa, kuma kwana 5 zuwa 7 kaɗai take sauraron manemi. In tana so, za ta tsaya cak, ta ɗaga wutsiya, tana fitsari kaɗan-kaɗan. Shi kuma gogan ya shinshina, ya ɗaga kai sama, ya murɗe leɓe kamar wanda ya lashi maɗaci. In ba ta so, ku tambayi cinyata.

Sai wani likitan dabbobi da ya yi karatu a Zariya ya zo da safar hannu mai kaiwa kafaɗa. Ta dubura ake zura hannu a lalubi mahaifa, da na'urar hoton ciki kuma ana ganin shigar ciki tun kwana 14 bayan barbara. Abin da yake tsoron gani tagwaye ne. Na ji wani a baya yana cewa barka. Ajiye goronka, Malam. Tagwayen goɗiya yawanci ɓari ne, wani lokaci a rasa har uwar. Ku masu riga aska takwas, wa zai naɗe hannu ya gwada? Shiru kake ji.

Haihuwa kuwa goɗiya ta fi son dare. Da muka ga wani abu kamar kakin zuma a kan nonon wata goɗiya, na fara gadi da tocila, sauro na cin rabonsa. A dare na uku ruwa ya fashe. Ƙafafun gaba suka leƙo, ɗaya ta ɗan riga ɗaya, hanci kwance a kansu. Cikin minti ashirin ɗa ya faɗo. Dattijo ya ce in ta wuce rabin awa tana yunƙuri ba labari, a ruga a kira likita. Daga nan sai ƙirga: awa ɗaya ɗa ya miƙe, awa biyu ya kama nono, awa uku mabiyiya ta faɗi. Dakashin farkon nan shi ne rigakafinsa, domin ba ya fitowa daga ciki da garkuwar cuta. Wanda ya kau da kai a wannan daren, da safe sai ya ce maita ce.

Saboda haka, Alhaji, ga gayyata. Goɗiyar da ta gaishe ni tana da ƙanwa, an ce ta fi ta zafin ƙafa, kuma bayan Sallah za a kai mata ingarma. Zo ka nuna mana irin ta kakanni. Na ajiye maka gurbi daidai inda na tsaya ranar farko. Ni zan kalla daga kan katanga, da man zafi a aljihu.