Ina Za Mu Kwana a Zanzibar?

An ce ba a sanin halin mutum sai an yi tafiya da shi. Ni na gano ba sai an kai ga ɗaure kaya ba. Tara mutum takwas, ka ce musu tikitin Zanzibar ya samu, saura a zaɓi wurin kwana. Kafin a kira la'asar ka gane wanda za ka iya ba wa ajiyar dukiya da wanda ko allura ba za ka ara masa ba.

Da mu abin ya faru. Shekara guda muna zuba adashe, abokai tun na makaranta da iyalan wasunmu, don mu je mu ga teku ido da ido. Maganar jirgi ba ta ci rabin sa'a ba, tunda ko ta Addis Ababa ka bi ko ta Nairobi. Maganar masauki kuwa mako uku ta cinye, ta kusa haɗawa da zumuncin. Kuma tsibirin da ake wannan rigima a kansa, Unguja, tsawonsa duka bai kai rabin tafiyar Kano zuwa Kaduna ba. Wuraren da baƙi ke sauka ma a ƙirge suke: tsohon garin da ake kira Stone Town a yamma, Nungwi da Kendwa can ƙuryar arewa, sai jerin ƙauyukan gabas irin su Paje da Jambiani da Matemwe. Duk da haka muka watse kamar kasuwa ta ga hadari, kowa ya kama inda halinsa ya kai shi.

Wanda ya fara ɓallewa shi ne ɗan araha. Kowace tawaga tana da irinsa. Tun a gida yake fushi da inshorar dala 44 da hukumomin tsibirin suka wajabta wa baƙi daga watan Oktoban 2024, yana cewa shi lafiyarsa ƙalau, me zai yi da ita. Shi ne kuma ya so mu ɗage tafiyar zuwa Afrilu saboda ya ga farashin ɗakuna ya faɗi warwas. Sai da aka fahimtar da shi cewa daga Maris zuwa Mayu ne daminarsu babba, wadda suke kira masika, lokacin da ruwan sama ke tsare baƙo a ɗaki yana kallon bango. A ƙarshe ya samo wani ɗaki da aka rubuta "minti biyar zuwa bakin teku". Bai tambaya ba ko da ƙafa ne ko da mota. Ashe da mota ne, kuma motar da ba ta tsayawa. Abin da ya tsimi a kuɗin ɗaki, direbobin tasi suka karɓe shi da riba. Da ya ga haka sai ya koma shiga dala-dala, motar hayar talakawa, inda ake zama gwiwa na gugar gwiwa, ga buhun gawayi a saman mota, ga kwandon kifi a ƙarƙashin benci. Kullum yakan iso mana yana ƙarnin da ba nasa ba, yana rantsuwa cewa shi ne ya fi kowa morewa. Araha dai ba ta ado.

Kishiyarsa shi ne Alhaji mai taurari biyar. Shi ba ya tambayar ina otal yake, taurarinsa yake ƙirgawa. Ya kama irin wurin nan da ake biyan kuɗin komai a dunƙule, ci da sha da kwana, a ɗaura maka wata roba a wuyan hannu kamar jaririn asibiti. Daga ranar da aka ɗaura masa robar nan, Alhaji ya shiga yaƙin fanshe kuɗinsa. Karin kumallo sau biyu, na farko da asuba, na biyu dab da za a kwashe. Muka ce, "Alhaji, yau za mu dajin Jozani kallon jajayen birai, a duniya a Zanzibar kaɗai ake samun irinsu." Ya duba agogo ya ce, "Ku dai je, ƙarfe ɗaya za a fito da gasasshen kifi, kuma na riga na biya." Kwana shida ya yi a Zanzibar, kusan duk abin da ya gani na Zanzibar shi ne titin da ya ɗauko shi daga filin jirgi da titin da ya mayar da shi, kuma titi ɗaya ne. Ya dawo gida da ƙarin tumbi da labarin yadda ake naɗe tawul ya zama agwagwa.

Sai Hajiya mai hoto, wadda labarinta ya fi na kowa ban tausayi, don ita da gaske ta yi shiri. Akwati guda na atamfa da gyale, kowace rana da launinta. Ba ta zaɓi ɗaki don gado ko fanka ba, ta zaɓe shi ne saboda wani lilo da ta gani rataye a gaban shuɗin ruwa, a wani masauki a Jambiani. Ta riga ta tsara: za ta zauna a lilon, gyale na kaɗawa, rana na faɗawa cikin teku a bayanta.

Ni na raka su ita da maigidanta ranar da suka sauka. Muka iso da hantsi, ta ajiye jaka, ta nufi bayan gida inda lilon yake. Lilo na nan. Teku ne babu. Iya ganinka farin yashi ne da kududdufai da duwatsu, sai can nesa wani siririn layi na kumfa. A tsakiyar filin ga mata sun duƙa cikin zannuwansu, suna ɗaure ciyawar ruwa a igiyoyin da suka ja tsakanin turaku, don noman ciyawar teku sana'ar matan gabashin tsibirin ce, kuma lokacin janyewar ruwa shi ne lokacin shiga gonarsu.

Hajiya ta juyo ga yaron da ya ɗauko mata kaya. "Yaro, ina tekun?"

Ya yi murmushi, ya nuna can da hannu, ya ce zai dawo.

"Zai dawo? Aikensa kuka yi?"

Maigidanta ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ai ba su suka kwashe ba."

"To wa ya kwashe? Ni da teku na biya!"

Abin da ba wanda ya gaya mata shi ne gabar gabas shimfiɗaɗɗiya ce, ruwan kan ja baya da nisa sosai sau biyu a kwana, ya yi kamar sa'a shida yana tafiya, shida yana dawowa, kuma kullum lokacin yana gusawa da kusan minti hamsin. A Nungwi da Kendwa ne ruwan ba ya nisa, kusan kowane lokaci ka ga dama ka shiga. Da yamma ruwan ya dawo kamar yadda yaron ya yi alkawari, har gindin lilon. Hajiya ta sha kwalliya ta zauna jiran faɗuwar rana. Rana kuwa ta faɗi abinta ta bayan ɗakin girki, tunda wanda ya sauka a gabas fitowar rana ya saya. Sauran kwanakin da asuba take tashi ta yi kwalliyar magariba.

Akwai kuma mai tsoron ruwa, wanda har yau ban san abin da ya kai shi tsibiri ba. Sharaɗinsa ɗaya: ɗakin da ba a jin ƙarar igiyar ruwa, a bene na sama, nesa da gaɓa. Ya shiga teku sau ɗaya, iya idon sawu, yana riƙe da hularsa.

Malam kuwa nasa sharuɗɗan a rubuce suka zo. Akwai masallaci kusa? Naman wa ya yanka? Akwai buta a banɗaki? Ya yi zaton ƙasar da za a sha wuya ce, har da guzurin kilishi na kwana bakwai. Da ya sauka ya tarar kusan duk mutanen tsibirin Musulmi ne, ladan na kira ta ko'ina, mata sanye da hijabi, yara na tafiya makarantar allo irin tasu, sai ya saki jiki. Ya ji suna cewa habari, ya ce ai labari ne. Ya ji asubuhi da Alhamisi da dunia, ya ce mutanen nan 'yan'uwa ne, Larabci ya shayar da mu nono ɗaya. Sakin jikin ne ya ja masa. Ya shiga ɗaki, ya duba inda rana ke fitowa, ya shimfiɗa darduma ya fuskanci gabas kamar yadda ya saba tun yana yaro. Kwana biyu yana haka, sai mai sharar ɗaki ya nuna masa wata 'yar kibiya a jikin silin. Zanzibar tana kudu da Makka ne kusan sak, don haka alƙiblarsu arewa take kallo. Malam ya yi shiru, ya ce gabas dai gabas ce a Kano. Daga ranar ya koma bin jam'i a masallaci.

Wani abin da ya hana shi sakewa shi ne bakin ruwan otal-otal, inda Turawa ke kwance a rana da tufafin da duka-duka ba su kai hular Malam yadi ba. Ranar da muka ja shi Kendwa, tun daga mota har muka dawo ƙasa yake kallo. Ya ce yashin wurin yana da kyau ƙwarai, kuma shaidarsa abar karɓa ce, don ba wanda ya kai shi nazarinsa.

A Stone Town ya tare, tare da ɗan tarihi, wanda shi tun farko ya ce ba zai kwana a ginin da bai shekara ɗari ba. Ya samu kuwa: tsohon gidan attajirai mai ƙofar katako sassaƙaƙƙiya da ƙusoshin tagulla. Abin da hoton bai nuna ba, lungunan garin mota ba ta shiga yawancinsu. Tasi ya sauke su a bakin titi, suka ja akwatuna cikin lunguna masu kama da juna, suka wuce shago ɗaya sau uku har mai shagon ya fara yi musu sannu da zuwa. Ga 'yan kamashon nan da ke manne wa baƙo, waɗanda mutanen garin ke kira papasi, wato kaska, kuma wanda ya raɗa musu sunan bai zalunce su ba. Da suka isa, ɗakin yana hawa na huɗu, matakala a miƙe kamar tsani. Duk wannan bai dame shi ba. Yana haki yana ba mu labarin Sarki Barghash da ya gina fadar Beit al-Ajaib a 1883, da yaƙin da Ingila ta yi da Zanzibar a watan Agustan 1896 wanda bai kai sa'a guda ba aka gama, da yadda aka rufe kasuwar bayi a 1873 aka gina coci a wurin. Gaskiya na ƙaru da shi. Kuma in za a bi adalci, shi ya fi mu cin abinci mai daɗi, don kowane dare yana lambun Forodhani inda ake gasa kifi a bakin teku, yana shan romon da suke kira urojo, yana korawa da ruwan rake. Sai dai garin ba wurin wanka ba ne, gabarsa ta jiragen ruwa ce. Ya je tsibiri ya dawo bai jiƙa ko gwiwa ba.

Uwargidan ɗaya daga cikinmu ita tambayarta ɗaya tak: akwai wurin girki? Ba ta yarda da abincin da ba ta ga shigarsa tukunya ba. Ta zo da kuka da daddawa da yaji a ƙulle cikin leda uku-uku. Washegarin saukarmu ta sa aka kai ta kasuwar Darajani, ta sayo garin masarar da suke tuƙa ugali da shi, ta ce ai tuwo ne aka sauya wa suna. Ta ga kanumfari tuli-tuli, wanda a gida ake auna mata a ɗan ƙullin leda, ta tsaya tana salati. Mun yi mata dariyar ledojin nan a filin jirgi. A dare na huɗu kuwa duk muna tsugune a barandarta da kwanuka, har da Alhaji mai taurari biyar, wanda ya yi hayar mota ya zo da robarsa a hannu. Fitarsa ɗaya ke nan daga otal, kuma miyar kuka ce ta fito da shi.

Ban manta da mai zagaye ba, wanda ya ce ba zai bari a ba shi labarin ko'ina ba: dare biyu a Stone Town, ɗaya a Nungwi, ɗaya a Matemwe, biyu a Paje. Hutunsa duka a ɗaure akwati da kwance akwati ya ƙare. Shi ne kuma agogon Sawahili ya yi wa ƙafar ungulu. Su daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'o'i, ƙarfe bakwai na safe shi ne sa'a ta ɗaya. Direba ya ce masa zai zo saa mbili, wato ƙarfe takwas. Mutumin ya duba fassara a waya ya ga "ƙarfe biyu", ya yi kwanciyarsa. Direba ya zo da safe ya yi ta jira, ya gaji ya tafi.

Saura mutum ɗaya, kuma shi ya fi ba ni haushi, don na fi kowa saninsa. Shi ne wanda duk mako ukun da aka yi ana gardama bai ce uffan ba sai "duk inda kuka zaɓa daidai ne". Ba ya bincike, ba ya ba da shawara, ba ya son a ce shi ya jawo. Sai an isa ya fara: gadon ya yi tauri, ruwan wanka ya yi gishiri, ai da Nungwi aka je. Ya kwana nan ya kwana can a ɗakunan mutane, yana tattara laifin kowa a ɗan littafinsa, ya dawo gida ya zauna ya rubuta su a mujalla.

Idan Allah ya nufe ka da zuwa, kafin ka tura ko sisi, tambayi mai masaukin abu uku: ƙarfe nawa ruwa ke tafiya, ta ina rana ke faɗuwa, kuma minti biyar ɗin nan da ƙafa ne ko da mota.